Mai Tanki ko Mai Ƙafa

Al Muntazah, Doha.

Zuwa ga Yaya Nasiru,

Assalamu alaikum. Baba da Umma da ni muna gaishe ka da kyau. Muna fatan ka saba da sabon wuri, kana cin abinci, kuma aikin bakin teku bai yi maka nauyi ba. Allah ya tsare mana kai a tudu, ya tsare mana kai a ruwa, amin.

Wasiƙar nan ta Baba ce, hannun ne kawai nawa. Ka san yatsunsa ba sa riƙe biro, kuma tun da korona ta kwantar da shi numfashinsa ba ya kai doguwar magana a waya. Amma kafin in fara rubuta tasa, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Umma. Ranar da ka ɗauki jakarka za ka koma gidan ma'aikata a Lusail, ka tsaya a ƙofa kana jiran Baba ya fito, bai fito ba, ka tafi kana tsammanin fushi yake yi. Ba fushi yake yi ba. Na shiga kicin ɗauko kofi, sai na same shi a jikin 'yar tagar nan mai kallon titi, ya ɗaga labule da yatsa ɗaya yana kallonka har motar ta sha kwana. Fuskarsa a jiƙe take. Na koma da baya a hankali, bai san na gan shi ba.

Jiya Umma ta kunna masa saƙon muryar da ka turo, inda ka ce maigidanka zai sayi ƙaramin jirgin iska irin wanda ake ja da mota a kan 'yar tirela, don ya riƙa fita da baƙin da za su zo masa kallon ƙwallon duniya. Ka ce an nuna muku biyu, kuma kai za ka zaɓa kafin Asabar tunda kai za ka riƙa tuƙi. Baba ya sa aka maimaita saƙon. Yau da hantsi ya ce, "Uwata, nemo takarda." Daga nan maganarsa ce. Inda na sa baki zan faɗa.

Ina gaishe ka. Ina yi maka addu'a ko da ba ka ji.

Jiragen nan biyu duk na tuƙa irinsu, kuma duk sun ba ni kunya. Jirgin iska ba kamar kwalekwalenmu na Yawuri ba ne. Yana da doguwar sanda da ƙyalle a sama, iska tana tura shi ta gefe, to dole a sami nauyi a ƙasa da zai hana shi kwanciya. Na farko nauyinsa ruwa ne: akwai tanki a ƙarƙashin daɓen, in an saka jirgin a teku sai a buɗe famfo ruwan teku ya cika shi, in za a fita a zubar. Shi muke kira mai tanki. Na biyu nauyinsa ƙarfe ne, wani faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke rataye a cikinsa, ana sauke shi da igiyar waya, ana naɗe shi sama in an zo ruwa marar zurfi. Shi muke kira mai ƙafa. Wannan duk ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda ubanka ya yi da su.

Lokacin da nake tuƙa wa gidan Abu Jasim mota, kuna Yawuri ba a kawo ku ba tukuna, sun ji ni ɗan bakin kogi ne sai suka ɗora ni a kan jirginsu. Mai tanki ne. Na so shi ƙwarai. Ba shi da nauyi a hanya, kowace mota tana jan sa, kuma tekun ƙasar nan da yake shimfiɗe ba zurfi, kana iya kai shi har kan yashi mutane su sauka ruwa iya gwiwa.

Wata Juma'a ɗan maigida ya kwaso abokansa. Aka haɗa mu da Malam Haruna, mai dafa abincin gidan, mutumin Zongon Kumasi, don ya gasa musu kifi a tsibiri. Muna saukar da jirgi yana tsokanata, "Na Yawuri, sarkin ruwa, ka riƙe ni amana fa. Ni ko a bahon wanka ban iya iyo ba." Na ce, "Malam, kifin da ka ci a duniya ai ba za su yarda ka nutse ba sai sun rama." Muka yi dariya.

Na buɗe famfo. Cikar tankin nan ba ta wuce mutum ya sha kofin shayin karak a natse ba. Amma yaran sun riga sun hau, sun kunna kiɗa, ɗan maigida yana buga gefen jirgi da tafin hannu yana cewa, "Yalla, yalla!" Na zura yatsa a ramin dubawa da ke saman tankin ban taɓa ruwa ba. Ya ce, "Khalas?" wato an gama? Na dubi fuskarsa, ga abokansa suna kallo, sai na ji nauyin in ce masa a'a a gabansu. An raine mu a kan cewa ba a tsayar da na gaba. Na ce, "Khalas." Na rufe famfo. Malam Haruna yana kallona.

Ka rubuta wannan a ranka: tanki rabi ya fi tanki wofi sharri. Ruwan da bai cika ba yana gudu, duk inda jirgi ya karkata can zai bi ya ƙara danna shi. Muna fita fili iskar arewa ta bugo, yaran suka taru gefe guda suna ɗaukar hoto, na ji ruwan ya gangara a ƙarƙashin ƙafata. Jirgi ya kwanta bai tashi ba. Rigunan ruwa masu hana nutsewa kuwa a kansu ake zaune, an mai da su matasai. Yaran sun iya iyo, suka fito suna ihu. Malam Haruna ƙyalle ya rufe shi, sandar ta doke shi a kafaɗa. Da ƙyar na jawo shi.

Aka tambaye ni, na ce iska ce. Malam Haruna bai tona ni ba. Ya daɗe a asibiti, hannun bai koma daidai ba, aka sallame shi. Ranar da na kai shi filin jirgin sama, ni na ɗaukar masa jaka. Ya ce, "Na Yawuri, da ka ce su jira, me za su yi maka? Zagi ne fa kawai. Zagi ba ya karya kafaɗa." Ya karɓi jakarsa ya shige. Ban sake jin labarinsa ba, kuma ba na jin zan sake.

To ka ji. In ka hau mai tanki, ba a ɗaga ƙyalle sai yatsanka ya jiƙe a ramin dubawa. Ko sarkin garin ne a ciki ya jira. Kuma rigar ruwa a jiki take, ba a ƙarƙashin mazaunai ba.

Yaya, ni ce Saratu. Nan tari ya kama Baba, na ba shi ruwa. Umma tana ɗaura takalmi za ta asibiti aiki, ta ce, "Malam, shekara nawa muna tare ban taɓa jin wannan ba, sai yau da ka sami sakatariya?" Baba ya ce, "Ke tafi kada motarku ta bar ki." Ta ce, "In ka gama ka sa ta rubuta mini tawa wasiƙar, ni ma ina da tambayoyi." Ta fita tana murmushi, amma na ga ta tsaya a bayan ƙofa ta ɗan jima kafin ta sauka. Ga ci gaban maganarsa.

Kuskurena na biyu tsoro ne ya haife shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da Abu Jasim ya tashi sayen wani jirgin ya tambaye ni, na zage na kushe mai tanki, na yabi mai ƙafa kamar ba shi da aibi. Ban tsaya na tambayi kaina da wace mota za a ja shi ba. Ƙarfen nan ba ya zubuwa kamar ruwa, duk inda jirgi ya je yana tare da shi, a teku da kan kwalta. Babbar motar gidan ta Abu Jasim ce, ni ƙarama ake ba ni. A hanyar Dukhan na ji birki yana ƙauri, na ce zafin rana ne. Muka isa gangaren simintin da ake saukar da jirage, ga gansakuka ta lulluɓe shi. Ina ja da baya jirgi ya rinjayi mota. Na taka birki har ƙasa, tayoyi suna tsaye amma muna tafiya. Sai da ruwa ya cika kujerun baya muka tsaya. Mutane suka taru suna ɗauka a waya, wani yana cewa a ba direban nan lambar yabo, ya koya wa mota iyo.

Kada ka zaɓi abu don kawai ka tsani kishiyarsa. Ka je ka ga motar da idonka. Ka tambaya ko ita za a ba ka kullum, ko sai ranar da maigida ba ya bukata. Ka duba ko tirelar tana da birkinta. Kuma kafin ka ja da baya a kowane gangare, sauka ka taka shi da ƙafarka.

Amma gaskiya ita ce a cikin ruwa mai ƙafa ya fi natsuwa. In ka sauke ƙarfen ka sa ƙusar da ke kulle shi, iska ta bugo sai ya sunkuya ya miƙe, kamar dattijo yana amsa gaisuwa. Na yi shekaru da shi lafiya. Har na fara ganin kaina gwani.

Sai korona ta zo. Aka hana fita teku, aka rufe ko'ina, jirgin ya zauna a ruwa wata da watanni ba mai duba shi. Ka tuna lokacin, muna cunkushe a ɗakin nan, uwarka tana dawowa daga asibiti ta wuce banɗaki ba ta taɓa kowa ba. Da aka buɗe na je na duba. Na shafa igiyar wayar da ke riƙe ƙafar, sai wani siririn gashin ƙarfe ya soke ni a babban yatsa. Gishiri ya ci ta. Na san ma'anar wannan sarai. Igiyar da ta fara gashi ta gama aiki.

A makon ne aka sallami mai gadi da direba ɗaya a gidan. Kowa yana tafiya a hankali kada a tuna da shi. Na ce a raina, in na je na ce a sayi sabuwar igiya, zan zama mai kawo asara a lokacin da ake neman wanda za a rage. Na shafa mata man giris na rufe tsatsar. Kunyar dai ta farko ce ta dawo, ta sake riga.

Fitarmu ta biyu, muna dawowa bakin gaɓa, ina naɗe ƙafar sama, igiya ta tsinke. Hannun abin naɗin ya juyo ya doke ni a yatsu. Ƙarfen ya faɗi da dukan nauyinsa ya tsaga cikin jirgin, ruwa ya fara shigowa. Allah ya sa muna kusa da tudu, jikokin Abu Jasim biyu suna ciki. A gida na ce muku ƙofar mota ce ta datse ni. Ba ƙofar mota ba ce. Aikin da na yi shiru don in tsare shi, a ranar ya tafi. Ban warke ba korona ta same ni, sauran ka sani.

Igiyar mai ƙafa ana duba ta da tsumma: ka ja tsumma a kanta, in ya sarƙe a canja. Ka wanke ta da ruwan daɗi duk dawowa. In ka ji ƙafar tana ƙwanƙwasa a ƙasa kamar ana buga ƙofa, ƙusar da take rataye a kai ta ci, kada ka ce gobe. Kuma kada ka taɓa sakin hannun abin naɗi ƙarfe yana rataye.

Ni ce kuma, Yaya. Nan na zaci Baba ya gama. A titi ana ta gwada jiniya, yaran maƙwabta suna busa ƙahon roba na 'yan ƙwallo. Na ce, "Baba, in rufe?" Ya ce, "A'a, Uwata. Saura mai wuyar." Bai kalle ni ba da yake faɗin wannan, bango yake kallo.

Kuskuren da ya fi ci mini rai a kanka na yi shi. Kai ne ɗan farina. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a zama da shi a yi hira, ba a nuna shi a gaban mutane. Haka ubana ya yi mini, haka na yi maka, ina ganin mutunci ne. Na koya wa 'ya'yan Larabawa ɗaurin igiya, na koya wa wani Bafilifine karanta iska a fuskar ruwa, kai kuwa kana tsaye a gefe kana satar kallo, ban taɓa cewa zo in nuna maka ba. Sai a hannun wani Ba'indiye ka koya, ni ina jin labari a bakin uwarka wai hannunka yana da kyau. Ranar da na ji na kasa cin abinci don daɗi, kuma ban faɗa maka ba.

Abin da nake tsoro shi ne ka gaji bakina. Na ga yadda kake tsayawa a gaban manya, kai a ƙasa, kafin su rufe baki ka ce to. A tudu wannan tarbiyya ce. A ruwa tana kisa.

Saboda haka ga shawarata. Ba jirgin da ya fi wani a wajen Allah, kowanne da inda yake cizo. Da maigidanka dattijo ne mai haƙuri, mai fita shi da iyalinsa ya kafa ƙugiya a ruwa marar zurfi, da na ce ka ɗauki mai tanki ka huta da nauyi da tsatsa. Amma uwarka ta ce matashi ne, kuma baƙin ƙwallo zai riƙa ɗauka, masu sauri su dawo kafin a fara wasa. Lokacin kuma na iskar arewa ne. Mai tanki yana bukatar ka ce a jira, a gaban mutane, duk fita, ba fashi. Rana ɗaya bakinka ya yi nauyi, shi ke nan. Mai ƙafa kuwa kulawarsa a tudu ake yi, kai kaɗai, tun jiya, ba mai tsaye a kanka yana cewa yalla. Maganar da yake bukata daga bakinka kaɗan ce, kuma kana iya yin ta tun ranar saye, lokacin da hannun mai saye yake a buɗe: a sa sabuwar igiya da sabuwar ƙusa kafin a biya, a ajiye wata igiyar a cikin jirgi, kuma babbar mota ce za ta ja. In ya amince da waɗannan, ɗauki mai ƙafa. In ya ƙi babbar mota, to ka gaya masa gaskiya cewa mai tanki ne daidai da motarsa, amma da sharaɗin ba mai hawa sai tanki ya cika, baƙi su tsaya a tudu su sha shayi. In wannan ma ya ƙi, ka ajiye masa makulli ka dawo gida. Tabarmarka tana nan. Na ga abin da riƙe aiki da shiru yake haifarwa, ba na so ka gani.

Allah ya ba ka bakin faɗin a'a a inda ya dace. Allah ya sa duk wanda ka fita da shi ka dawo da shi. Ya kare ka daga iskar da ba a gani zuwanta, da abokin da zai ce ba komai. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi ubanka. Ka riƙe salla. Wassalam.

Yaya, maganar Baba ta ƙare a nan. Sauran tawa ce.

Da ya gama ya ce in karanta masa. Na karanta tun daga gaisuwarsa, ban karanta nawa ba. Yana ji yana gyaɗa kai, har na zo inda ya ce ya kasa cin abinci don daɗi. Sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ni na faɗi wannan?" Na ce, "Kai ka faɗa, Baba." Ya daɗe yana murza yatsun nan nasa. Can ya ce, "Uwata, wannan ba maganar da uba zai aika wa ɗan fari ba ce. Ya girma, yana da malamansa, sun fi ni sanin jiragen yanzu. Ninke ta ki sa a ƙarƙashin akwati. In uwarki ta dawo ta ce masa a waya ya yi hankali, ya isa."

Na ce to. Ka san ni, ban iya musu ba. Ko a makaranta in malama ta kira sunana sai in sunkuyar da kai. Na ninke takardar a gabansa na shiga ɗaki.

Amma ban sa ta a ƙarƙashin akwati ba. Na zauna a bakin gado ina tunanin Malam Haruna, mutumin da ban taɓa gani ba, yana tsaye yana kallon Baba yana rufe famfo. Asabar jibi ce. Ka yi hankali kawai ba za ta gaya maka komai a kan igiya ko mota ba.

Ban taɓa shiga jirgin ƙasa na Metro ni kaɗai ba, kuma garin ya cika da baƙi, ko'ina tutoci da mutane masu fenti a fuska. Na tambayi Anti Rahila ta ɗakin da ke ƙasanmu, kamar da wasa, ta ce daga tashar Mushairib jan layi ake bi har ƙarshensa a Lusail. Gobe bayan sallar Juma'a Baba zai kwanta, Umma tana aiki. Na goge baƙar abayata, na sa wasiƙar a aljihun ciki. In mai gadinku ya hana ni shiga zan faɗi sunanka da ƙarfi har ka ji. In Baba ya tambaye ni daga baya, ba zan yi masa ƙarya ba.

Allah ya kai mu goben lafiya, ya tsare ka.

Ƙanwarka,
Saratu